Manhaja na aiki a kwamfuta, waya ta ƙi buɗe ta: ina gizo ke saƙar?

Mai haɗa manhaja ya kammala aikinsa, ya buɗe burauza a kwamfutarsa, ya rubuta localhost:8000, shafi ya fito tsaf. Sai ya ɗauki wayarsa don ya ga yadda abin zai zauna a ƙaramar fuska, ya rubuta daidai abin da ya rubuta a kwamfuta, waya ta ce ba ta sami shafin ba. Ga kwamfuta ga waya a kan teburi ɗaya, dukkansu jone da Wi-Fi ɗaya. A nan ne masu koyo da yawa suke yanke hukuncin cewa ba wanda zai ga aikinsu sai sun yi hayar saba a intanet, sun biya da dala, sun ɗora shi can. Wannan hukunci bai yi daidai ba, kuma yana cin kuɗi da lokacin da ba a buƙatar kashewa. Duk kwamfutar da ta iya nuna wa kanta shafi za ta iya nuna wa na'urorin da ke kusa da ita. Abin da ke tsakani 'yan shingaye ne, kowanne da dalilin da ya sa aka kafa shi, kuma wanda ya san dalilin zai san wanda zai cire da wanda zai bari.

Batun ya wuce gwajin mai koyo. Saƙon da ya tashi daga waya zuwa kwamfuta a cikin netwok ɗaya ba ya fita waje. Rauta ce kawai ke karɓarsa ta miƙa, don haka ba ya cin data ko ta kwabo, kuma ba ya tsayawa don sabis ɗin kamfanin waya ya yi rauni. A kan wannan ne cibiyoyin jarrabawar kwamfuta suke tafiya, irin waɗanda hukumar JAMB ta koma amfani da su gaba ɗaya tun 2015: saba guda a cikin ginin, ɗaruruwan kwamfutoci jone da ita ta kebul. Haka Kolibri ke raba darussa a makarantun da ba intanet, haka Kiwix ke ba mutum damar ajiye Wikipedia a kwamfuta ɗaya ɗalibai su karanta ta wayoyinsu. Ƙaramin asibiti, kantin magani, makarantar Islamiyya mai son rajistar ɗalibai, duk suna iya ajiye manhajarsu a kwamfuta ɗaya kowa ya shiga daga tasa na'urar. A wurin da data ke tsada kuma sabis ke zuwa yana ɗaukewa, wannan ilimi ne da ya kamata a koya wa mai haɗa manhaja tun makonsa na farko.

Kuskuren farko yana cikin sunan localhost kansa. Sunan yana tsaye ne a madadin lamba 127.0.0.1, wadda aka keɓe domin kowace na'ura ta yi magana da kanta. Saƙon da aka aika wa wannan lamba ba ya ko isa katin Wi-Fi, a cikin na'urar yake juyowa. Kamar kalmar "gidanmu" ce: idan Audu ya faɗe ta gidansu yake nufi, idan Binta ta faɗe ta nasu gidan take nufi. Da waya ta ga localhost, cikin kanta ta duba, ba ta tarar da wata saba ba, ta faɗi gaskiyar abin da ta gani.

Abin da waya ke buƙata shi ne adireshin IP ɗin da rauta ta ba kwamfutar. A Windows ana buɗe tagar umarni a rubuta ipconfig, a duba layin IPv4 da ke ƙarƙashin Wi-Fi. A Linux hostname -I ko ip addr zai nuna shi. Galibi za a ga lamba mai farawa da 192.168, wani lokaci mai farawa da 10, ko wadda ke tsakanin 172.16 da 172.31. Waɗannan rukunai uku an ware su, a takardar ƙa'ida RFC 1918, domin amfanin cikin gida da ofis, shi ya sa miliyoyin gidaje ke da 192.168.1.5 ba tare da rikici ba. Idan lambar da ta bayyana ta fara da 169.254, to kwamfutar ba ta sami adireshi daga rauta ba, ita ta ƙirƙira wa kanta, sai an gyara jonin tukuna. Wanda ya saka Docker ko VirtualBox zai ga adireshi fiye da ɗaya, ya kula ya ɗauki na Wi-Fi ko na kebul. Bayan adireshin sai lambar ƙofa, wadda masu sana'ar ke kira fot: Django na amfani da 8000, Flask 5000, Vite 5173, manhajojin Node da yawa 3000. Abin da za a rubuta a waya ke nan, misali http://192.168.1.5:8000, da http ɗin a rubuce, domin wasu burauza suna mayar da lamba tsura abin nema a Google, wasu kuma suna gwada https da kansu.

Sau da yawa an rubuta adireshi daidai amma shafi bai fito ba, kuma nan ne ainihin gizo yake saƙarsa. Idan saba ta tashi, tana gaya wa kwamfuta ta wace hanya za ta riƙa karɓar baƙi. Mafi yawan sabobin gwaji an yi su ne su saurari 127.0.0.1 kaɗai, wato ba sa amsa kowa sai kwamfutar da suke ciki. Da gangan aka yi haka, domin aikin da ba a gama ba bai kamata ya buɗe wa duk wanda ke Wi-Fi ɗaya da kai ba. Don a buɗe, ana ce wa saba ta saurari 0.0.0.0, ma'ana ta karɓi saƙo ta duk hanyoyin da kwamfutar ke da su. A Django umarnin shi ne python manage.py runserver 0.0.0.0:8000. A Flask, flask run --host=0.0.0.0. A Vite ana ƙara --host. Ƙaramar sabar nan ta python -m http.server kuwa a buɗe take zuwa tun asali, abin da ya kamata mai amfani da ita ya sani, domin duk fayilolin da ke cikin jakar da aka tashe ta suna bayyana ga kowa. Kada a rikita: 0.0.0.0 umarni ne ga saba, ba adireshin da za a rubuta a waya ba ne. Waya har yanzu 192.168 ɗin nan za ta nema.

Ba sai an yi ta zato ba, ana iya gani da ido. A Windows a rubuta netstat -an, a Linux ss -ltn, a nemi layin da ke ɗauke da lambar ƙofar. Idan an ga 127.0.0.1:8000, saba a rufe take, ko me aka taɓa a wani wuri ba zai yi amfani ba. Idan an ga 0.0.0.0:8000, wannan shinge ya kau, a matsa gaba.

Shinge na gaba shi ne katangar tsaro ta kwamfuta, fayawol. Karon farko da saba ta nemi karɓar baƙi, Windows kan fito da ƙaramin akwati yana tambaya ko a ƙyale ta. Mutane da yawa suna rufe akwatin cikin sauri ba su karanta ba, Windows kuma ya riƙe wannan a matsayin hani, bai sake tambaya ba. Akwai kuma bambancin da yake yi tsakanin netwok na jama'a da na gida. Sabon Wi-Fi yakan shiga a matsayin na jama'a, inda ake tsaurara tsaro, sai ka ga an ba Python izini a netwok na gida alhali kwamfutar tana ɗaukar Wi-Fi ɗin ofis a matsayin na jama'a. Gyaran shi ne a sauya matsayin netwok ɗin idan an amince da shi, ko a rubuta doka ɗaya mai barin shigowa ta ƙofa 8000 kaɗai. A Ubuntu, idan fayawol ɗinsa ufw na kunne, sudo ufw allow 8000 ya wadatar. Shawarar da ake yawan ba masu koyo ta su kashe fayawol gaba ɗaya ban yarda da ita ba. Ko an ce na minti ɗaya ne don gwaji, abin da ke faruwa shi ne shafi ya buɗe, murna ta sa a manta, kwamfuta ta ci gaba da yawo daga wannan Wi-Fi zuwa wancan ba kariya.

Irin amsar da burauza ta bayar tana nuna inda aka maƙale, kuma mai lura zai rage wa kansa wahala da ita. Idan ta dawo nan take da ERR_CONNECTION_REFUSED, saƙo ya isa kwamfutar amma ba mai saurare a wannan ƙofa, sai a koma kan saba da lambar fot. Idan ta yi ta juyawa har ta gaji ta ce ERR_CONNECTION_TIMED_OUT, galibi wani abu ne ke haɗiye saƙon a hanya, fayawol ko rauta, ko kuma adireshin ba daidai ba ne. Idan kuwa wani shafi ya fito mai lamba 400 ko 403, wannan labari ne mai daɗi, domin hanya ta buɗe, manhajar ce da kanta ta ƙi baƙon. Kada kuma a dogara da ping kaɗai, Windows ba ya amsa shi sai an ba shi izini, don haka shirunsa ba hujja ba ce.

Wani lokaci kwamfuta ba ta da laifi, hanyar ce. A fara da gwada adireshin waya da na kwamfuta: a yawancin gidaje da ƙananan ofisoshi lambobi ukun farko dole su zama ɗaya. Idan ɗaya 192.168.0.12 ce ɗaya kuma 192.168.1.5, akwai yiwuwar rauta biyu ce a ginin, an jona ɗaya a bayan ɗaya, kowace da nata gari. Wi-Fi na otal, na jami'a da wanda ake ware wa baƙi yawanci an saita shi ya hana na'urori ganin juna, kowa intanet kawai zai iya kaiwa, kuma ba abin da za ka yi daga naka ɓangaren. Mafita mafi sauƙi ita ce ka kunna hotsifot a waya ka jona kwamfutar, ko ka yi amfani da ƙaramar MiFi taka. A wayoyi da yawa hotsifot na aiki ko an kashe data. Sai dai adireshin kwamfuta zai canja, a sake duba shi. Na iPhone kan fara da 172.20.10.

Akwai abubuwa uku a wayar kanta da suka fi shafar mu a nan. Na farko burauzar Opera Mini, wadda mutane da yawa ke so saboda tsimin data: idan tana yanayin tsimi mai tsanani ba ta zuwa shafi kai tsaye. Sabobin kamfanin Opera ne ke ɗauko shafin su matse shi su turo, su kuwa ba su da hanyar shiga netwok ɗin ɗakinka. A gwada da Chrome ko Firefox. Na biyu VPN: tun lokacin da gwamnatin Najeriya ta dakatar da Twitter, daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, wayoyi da yawa suka saba da shi, kuma idan yana kunne yakan kwashe duk saƙonni ya fitar da su waje. Na uku, idan Android ta lura Wi-Fi ɗin ba intanet a cikinsa, takan koma kan datar layi a ɓoye, alamar Wi-Fi na nan a sama amma saƙo na bin wata hanya. A kashe data, ko a amsa mata cewa a ci gaba da zama a wannan Wi-Fi ɗin.

To, shafi ya buɗe. Sau da yawa nan ma ba a gama ba. Django zai ƙi duk adireshin da ba a sa a ALLOWED_HOSTS ba, ya fito da DisallowedHost, sai an ƙara lambar kwamfutar. WampServer yana zuwa da dokar Require local a saitin Apache, wadda ke ba na'urar waje 403. WordPress yana ajiye adireshin shafin a rumbun bayanansa, don haka idan an girka shi da localhost, waya za ta ga rubutu tsirara ba hoto ba kwalliya, domin kowane hoto ana nemansa ne a localhost, wato a cikin wayar. Irin wannan ne ya fi wahalar da masu React da Vue: fuskar manhaja ta fito lafiya, amma an danna shiga ba abin da ya faru. Dalili shi ne a cikin JavaScript an rubuta http://localhost:5000/api, kuma wannan rubutu a burauzar wayar yake gudana, ba a kwamfuta ba. Maganin da ke dorewa shi ne a daina rubuta adireshi ƙarara a cikin aiki, a yi amfani da /api kawai tare da saba ɗaya mai rarraba saƙo, ko a ɗauko adireshin daga fayil ɗin saiti. Wanda ya bar fuska da baya a ƙofofi dabam-dabam kuma zai haɗu da dokar CORS, sai ya sa sabon adireshin cikin waɗanda aka yarda da su. Masu Docker su tabbata sun fito da ƙofar da -p 8000:8000, kuma manhajar da ke cikin kwantenar ita ma 0.0.0.0 take saurare. Masu WSL2 a Windows su san cewa Linux ɗin nasu yana zaune ne a wani ƙaramin netwok na daban, sai an gina masa gada kafin waya ta gan shi.

Akwai matsala guda da kan rikita har ƙwararru. Manhaja mai amfani da kyamara, makirfo ko wurin da mutum yake tana aiki a localhost, amma a http://192.168.1.5 ta ƙi, ba ma tambayar izini. Masu burauza sun yanke cewa waɗannan abubuwa ba za su yi aiki ba sai a kan https, kuma Chrome ta fara hana neman wuri a shafi marar https tun 2016. Localhost kaɗai aka yi wa sassauci saboda saƙonsa ba ya barin na'ura. Mai haɗa manhajar karanta lambar QR ko ɗaukar hoton ɗalibi dole ya san wannan. Zai iya haɗa takardar shaidar tsaro ta gida da mkcert ya saka tushenta a wayoyin da za su shiga. Idan gwaji kawai yake yi da Android, ya jona waya da kebul ya rubuta adb reverse tcp:8000 tcp:8000, daga nan localhost:8000 na wayar zai riƙa kaiwa kwamfuta, kyamara kuma ta yi aiki.

Idan manhajar za ta zauna ne ana amfani da ita kullum, akwai ƙananan abubuwa da ke kashe aiki mai kyau. Rauta aron adireshi take bayarwa, yau 192.168.1.5, gobe bayan an ɗauke wuta an dawo da ita sai ya koma 192.168.1.9, ma'aikata su zo da safe su ce manhaja ta lalace. A shiga saitin rauta a keɓe wa kwamfutar adireshi ɗaya na dindindin. Suna mai ƙarewa da .local yana aiki a na'urorin Apple da Linux da Windows na zamani, amma tsofaffin Android ba sa gane shi, don haka lamba tsayayya ta fi tabbas. A hana kwamfutar barci, a saita laftof kada ta mutu idan an rufe murfinta, a sa rauta da saba kan inbata ko batir ɗaya, domin saba mai rai ba ta da amfani idan rauta ta mutu. Sabar gwaji ta Django ko Flask kuma ba a yi ta don ɗaukar jama'a ba, masu su ma sun faɗa. A sa Gunicorn ko Waitress, Nginx ko Apache a gaba, a kuma riƙa kwafe rumbun bayanai zuwa wani wuri.

Tambayar da ke biyo baya kullum ita ce, ɗan'uwana da ke Kaduna ko Maraɗi zai iya shiga? Da wannan adireshi ba zai iya ba, domin 192.168 ba ya ƙetare rauta. A da ana buɗe ƙofa a rauta a tura ta zuwa kwamfuta. Amma adireshin IPv4 kimanin biliyan 4.3 ne kacal, kuma babban rumbun da ake rabo daga ciki ya ƙare a Fabrairun 2011. Saboda haka kamfanonin waya suna tara kwastomomi masu yawa a bayan adireshi ɗaya, tsarin da ake kira CGNAT, haka ma Starlink ke yi wa talakawan kwastomominta. Wanda ya duba rautarsa ya ga adireshinta na waje yana tsakanin 100.64 da 100.127, ya san yana cikin wannan tsari, buɗe ƙofa a rauta ba zai kai shi ko'ina ba. Abin da ke aiki shi ne rami, irin na ngrok ko Cloudflare Tunnel, inda kwamfutarka ce ke fita ta riƙe hanya, su kuma su ba ka adireshin https da kowa zai iya buɗewa. Tailscale kuwa yana haɗa na'urorinka kaɗai su zama kamar suna ɗaki ɗaya, kuma shi na fi so ga mai son shiga aikinsa daga nesa ba tare da ya buɗe wa duniya ba. Duk waɗannan suna cin data, kuma suna tsayawa idan sabis ya ɗauke.

Nan ne ya kamata a tsaya a yi tunani, domin kowane shingen da aka cire kariya ce aka rage. Flask idan yana yanayin gyara kurakurai yana da taga a burauza wadda ke iya gudanar da umarni a kan kwamfutar. A 2015 aka shiga kamfanin Patreon na Amurka aka kwashe bayanan masu amfani da shi, kuma masu bincike sun danganta abin da irin wannan taga da aka bari a buɗe a wata sabar gwaji. A farkon 2017 dubban rumbunan MongoDB da aka bari suna sauraren duniya ba kalmar sirri aka share su aka nemi kuɗin fansa, kuma daga fitowa ta 3.6 kamfanin ya mayar da rumbun yana sauraren localhost kaɗai sai an canja. A Linux, ƙofar da Docker ya fitar tana iya tsallake dokokin ufw, mutum na ganin ya rufe alhali a buɗe take. A cikin gida ma haɗarin na nan. Idan ana http ne, kalmar sirri tana tafiya ba a lulluɓe ba, kuma Wi-Fi ɗin da aka raba wa maƙwabta da abokan ciniki kalmarsa ba netwok na sirri ba ne. Bayanan marasa lafiya ko sakamakon ɗalibai amana ce, kasancewarsu a cikin gini ɗaya bai sauke wannan nauyi ba.

Don haka idan za ka buɗe, ka buɗe ƙofar manhajar kaɗai, ka bar MySQL da sauran rumbunan bayanai a kan 127.0.0.1, tunda manhajar da ke kwamfuta ɗaya da su ce kawai ke buƙatarsu. Ka kashe yanayin gyara kurakurai, ka sa wa kowa sunansa da kalmar sirrinsa, ka ware wa baƙi nasu Wi-Fi. Idan gwaji ne kuma ka gama, ka tsayar da sabar, ka goge dokar da ka sa a fayawol kafin ka ɗauki laftof ɗin zuwa wani netwok.